Kwabo, Rumbu da Yini: Tarihin Sunayen da Bature Ya Raɗa wa Jarida da Mujalla

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Lokacin nan ne 'yan masta ke rububin neman inda za su buga takarda, don a sassa da yawa ba a barin mutum ya hau difens na ƙarshe sai ya nuna ya fitar da wani abu a "journal". Kullum sai an turo talla a guruf ɗin WhatsApp: aiko da takardarka yau, ta fito jibi. Amma ka tsayar da mutum goma a cikinmu ka ce me ya raba journal da magazine, da Hausa dai amsa ɗaya za su ba ka, duk mujalla ce. Fim mujalla ce. Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ita ma mujalla ce. Shi kuwa Bature ya tara sunaye kamar mai shirin raɗin 'yan biyu: gazette, magazine, journal, bulletin, review, digest, tabloid, sannan ya ɗora periodical a kansu duka, wato duk abin da ke fitowa lokaci bayan lokaci. A ganina kowanne daga cikin sunayen nan alkawari ne da mai bugawa ya yi wa mai karatu, kuma wanda bai san alkawarin ba, ba zai gane ranar da aka saɓa masa ba. Shi ya sa na ga gara mu bi asalinsu.

Na fi son in fara da gazette, don labarinsa ya zo har ƙofar gidanmu. A birnin Benis na ƙasar Italiya, cikin ƙarni na 16, akwai wani ɗan ƙaramin tsaba da ake kira gazeta. Benis gari ne na fatake da jiragen ruwa, kuma ɗan kasuwa ba abin da yake buƙata kamar labari: wane jirgi ya iso, ina ake yaƙi, me Turkawa ke shiryawa. Sai aka samu masu rubuta labarai a falle suna sayarwa. Bayanin da ya fi shahara shi ne, kuɗin fallen gazeta ɗaya ne, har sunan kuɗin ya koma kan takardar, kamar yadda za ka ce wa mai ƙosai "ba ni na hamsin". Wasu kuma sun ce daga gazza ne, wata tsuntsuwa mai shegen surutu. Ku riƙe tsuntsuwar nan, za mu sake gamuwa da 'yar uwarta.

Daga Italiya kalmar ta haura Faransa, inda wani likita, Théophraste Renaudot, ya kafa La Gazette a 1631. A Ingila kuwa annoba ce ta haife ta. A 1665 cuta ta ɓarke a Landan, Sarki Charles na Biyu ya kwashe fadawansa ya koma Okisfod, su kuma suna tsoron taɓa duk takardar da ta fito daga Landan. Sai aka fara buga Oxford Gazette a watan Nuwamba na shekarar. Da fada ta koma gida a farkon 1666 aka mai da ita London Gazette, kuma har yau tana fitowa.

To ku dubi wannan. A watan Janairun 1939, a Zariya, aka fitar da jaridar Hausa wadda Malam Abubakar Imam ya zama editanta, tare da Dokta Rupert East na ofishin talifi. Nawa ake sayar da ita? Kwabo ɗaya. Me aka raɗa mata? Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tsakanin mutanen Benis da na Zazzau akwai shekara kusan ɗari huɗu, ga teku ga hamada, amma duka da ɗan tsabar da ake miƙawa aka sa wa jarida suna. Ni dai na Zariya ya fi burge ni, don shi ya faɗi farashi kuma ya yi cika baki a numfashi ɗaya: abin da za ka karɓa ya fi abin da ka bayar. Shi kansa "kwabo" aro ne daga copper na Turanci, jan ƙarfen da ake ƙera shi da shi. Can Abekuta ma, Iwe Irohin da Henry Townsend ya fara a 1859, jarida ta farko a ƙasar nan, wuri 120 ake sayenta, sai dai ita ba a sa kuɗin a sunanta ba.

Me ya sa aka nace da kalmar "gaskiya"? Masu tarihin jaridar sukan ce ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta cika Arewa gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Ingila za ta miƙa ƙasar ga Jamus ta Hitila. Bakano ko Basakkwace zai iya jin wannan kamar tatsuniya. Mu a nan ba haka ba ne. Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, amma mafi yawan ƙasar Fombina a hannun Jamus ta faɗa, har da Garwa. Mubi da Ganye duk sun ɗanɗani mulkin Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba su zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. A shekarun 1930 Jamus tana ta neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata. Dattijon Adamawa na 1939 ya ga Bajamushe da idonsa, ba labari aka ba shi ba. Saboda haka gaskiyar da ake sayarwa kwabo, gaskiya ce ta gwamnatin mulkin mallaka mai neman kwantar da hankalin talakawanta, ko da yake Imam ya yi amfani da filin wajen faɗin abubuwan da Turawan ba su so ba. Duk mai ɗauko Gaskiya ta lokacin a matsayin hujja a babi na biyu, ya tuna wa ke biyan kuɗin tawada.

A cikin yaƙin ne kuma aka fito da 'Yar Gaskiya da ajami don waɗanda ba su iya boko ba, da wata 'yar takardar labaran yaƙi mai suna Suda. Suda fa, tsuntsuwar nan da Bahaushe ya sani da yawan zance. Ga 'yar uwar gazza ta Italiya.

Amma gazette bai tsaya a jaridar talaka ba. Tun daga London Gazette ya zama sunan takardar da hukuma ke shelar doka da naɗi da ƙarin girma a cikinta, kuma da wannan ma'ana ya shigo mana. In ka ji ma'aikaci yana cewa "ba a yi gazet ɗinsa ba tukuna", nufinsa abin bai zauna da gindinsa ba a idon doka. Kar ku ɗauka wannan zancen 'yan sashen shari'a ne kawai. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Alƙaluman da hukumomi kan ambata sun ce wuraren sun haura 400 a ƙasar nan, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi gazet ɗinsu. Sauran suna nan a bakin mutane da cikin fayil, ba su da ƙafar tsayawa a kotu. Wanda ya taso a jihar da ta ga abin da ya faru a yankin Numan tsakanin manoma da makiyaya, ya san wannan ba wasan kalmomi ba ne. Ba na cewa rashin gazet ne kaɗai sanadi, abin ya fi haka zurfi, amma yana ciki.

Sai magazine. Wallahi wannan kalma ta yi yawon duniya fiye da ɗan Tijjaniyya mai ziyara. Asalinta Larabci ne, makhzan, jam'insa makhazin, wato ma'aji ko rumbu. Fataken Bahar Rum suka kai ta Italiya ta zama magazzino, ta shiga Faransanci ta zama magasin, Turanci ya karɓa da ma'anar ɗakin ajiya, musamman na albarushi da makamai. Shi ya sa har yau soja ke kiran gidan harsashin bindigarsa magazine. Sai a 1731 wani maɗabi'i a Landan, Edward Cave, ya fara fitar da The Gentleman's Magazine duk wata. Dabararsa ita ce ya tattaro abubuwa iri-iri, labari, muhawara, waƙa, farashin kaya, haihuwa da mutuwa, ya zuba a wuri ɗaya kamar rumbu, kowa ya ɗebi abin da yake so. Alkawarin magazine ke nan: tarkace mai daɗi. Bai taɓa yi maka alkawarin an tantance komai ba.

Abin dariya, kalmar ta shigo Hausa ta ƙofar baya. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna kiran ɗakin ajiyar kaya mangaza, daga magasin na Faransanci. Wato Balarabe ya ba Bature, Bature ya dawo mana da ita. Kuma duk wanda ya fara raɗa wa shirin rediyo ko talabijin mai tattaro labarai iri-iri suna "taska", kamar Taskar VOA, ya yi fassarar da ta fi ta ƙamus, don ya mai da kalmar rumbunta na asali.

Namu sunayen biyu ma ai baƙi ne da suka zama 'yan gari. Jarida a tsohon Larabci reshen dabino ne da aka cire wa ganye, irin wanda ake rubutu a kai kafin takarda ta yawaita, daga baya ta ɗauki ma'anar rajista ko jerin sunaye. Da maɗaba'a ta kankama a ƙasashen Larabawa a ƙarni na 19, sai da aka yi ta lalube. Ta gwamnatin Masar da Muhammad Ali ya kafa a 1828 sunanta Al-Waƙa'i al-Misriyya, wato abubuwan da suka auku. Wasu ma gazeta suka riƙa cewa kai tsaye. Ana danganta yaɗuwar "jarida" da ma'anarta ta yau ga Ahmad Faris al-Shidyaƙ, mai jaridar Al-Jawa'ib a Istanbul, "majalla" kuma ga Ibrahim al-Yaziji na Bairut a shekarun 1880. Ita majalla tana da dangantaka da kalmar Ibrananci megilla, naɗaɗɗiyar takarda. A nan Arewa, tun a farkon shekarun 1930 gwamnati ta riƙa fitar da wata takarda cikin harsuna uku, Turanci da Hausa da Larabci. Da Turanci Northern Provinces News, da Hausa Jaridar Nijeriya Ta Arewa. Ka ga ke nan "jarida" ta riga Gaskiya zama a bakin 'yan boko.

Tabloid kuwa ba zan daɗe a kansa ba, amma ba zan iya wucewa ban faɗa ba: sunan ƙwayar magani ne. Kamfanin Burroughs Wellcome na Landan ya yi rajistarsa a 1884 don magungunan da ya matse suka zama 'yan ƙwayoyi. Daga nan aka ara wa jaridar da ke matse labari ya zama loma ɗaya. 'Yan famasi, wannan taku ce.

Yanzu ga wanda ya hana mu barci. Journal daga Faransanci yake, jour, yini, shi kuma daga Latin. Ma'anarsa ta farko "na kullum". Ɗan uwansa ne journey, wanda asalinsa tafiyar yini guda ce, zango ɗaya in ji fatake. Littafin da ɗan kasuwa ke rubuta cinikin kowace rana shi ma journal ne, 'yan akanta sun san shi. A Faransanci har gobe jaridar kullum ita ce journal. To ta yaya sunan abin da ke fita kullum ya koma kan abin da ke fita sau biyu a shekara, in ma an yi sa'a?

Amsar tana 1665, shekarar annobar nan dai. A ranar 5 ga Janairu Denis de Sallo ya fara Journal des sçavans a Faris, mako-mako, yana ba da labarin sababbin littattafai da binciken masana. Bayan wata biyu, ranar 6 ga Maris, Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, ya fitar da Philosophical Transactions, wadda ita ma har yau tana raye. Kafin nan masani in ya gano abu, ko dai ya rubuta wa abokinsa wasiƙa, ko ya jira shekaru ya yi littafi, ko ya ɓoye don kar a sace. Oldenburg ya kawo tsari: ka aiko, a rubuta ranar da ta iso, a buga da sunanka, kowa ya gani, mai ja ya ja. Ma'anar "yini" ba ta ɓace ba ashe, ta koma kwanan wata ne, shaidar wa ya riga wa. A nan Isaac Newton ya buga bincikensa kan haske da launuka a 1672, kuma Robert Hooke bai bar shi ya sha ruwa ba, nan take ya taso masa da suka. Newton fa! Kai kuma kana jin haushi don sufabaiza ya zaga maka jan biro a shafi uku.

Tantancewa ta zo a hankali. A 1752 ƙungiyar ta karɓi ragamar mujallar ta kafa kwamitin zaɓen takardu, a shekarun 1830 aka fara neman rahoto a rubuce daga masana fannin. Saboda haka alkawarin journal uku ne a dunƙule: yana fita a kan lokaci sananne da lambar kundi da ta fitowa, wani wanda ya san fannin ya karanta kafin a buga kuma yana da ikon cewa a'a, sannan za a adana shi inda wanda ba a haifa ba tukuna zai iya nemowa. In babu waɗannan, ko an rubuta International sau uku a bango, rumbun Edward Cave ne kawai, kuma shi Cave aƙalla bai karɓi kuɗin marubuci da sunan tantancewa ba.

Wata 'yar ajinmu ta tura takarda wani wuri ranar Litinin, Laraba aka ce an karɓa, a biya. Ta biya daga kuɗin da ta tara na ɗinki. Takardar ta fito da kuskuren da ke cikin takenta yadda ta tura shi, ko harafi ba a taɓa ba. Da ta kai sashe aka ce ba a san wurin ba, ta sake nema. Abin da ya ruɗe ta shi ne sun nuna mata lambar ISSN. Jama'a, ISSN lamba ce mai alƙaluma takwas da ake ba duk abin da ke fita a jere, a ƙasar nan Babban Laburaren Ƙasa ke bayarwa. Mujallar girke-girke ma tana iya samu. Kamar lambar Keke Napep ce, tana nuna an yi rajista, ba ta nuna direba ya iya tuƙi.

Kuma kar wani ya ce mu kaɗai ake yi wa. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, shi ya yayata kiran irin waɗannan da predatory, wato masu farauta, wajen 2010. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri takardar bogi kan maganin kansa, cike da kurakuran da ɗan aji biyu zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira ya yi su ne kamar na 'yan Afirka. Ko me ya sa ya yi hakan, ya nuna inda ake ganin kasuwar take.

Ga kuma inda Hausa ta bar mu a tsakiyar ruwa. Kalma ɗaya muke da ita, kuma tana ɗauke da Harshe ta Zariya da Algaita ta Kano da Ɗunɗaye ta Sakkwato, tana kuma ɗauke da mujallar da ke da hoton jaruma a bango. Wasu malamai kan ce "mujallar ilimi" ko "mujallar nazari". Ni na fi son mu riƙa cewa "tantacciyar mujalla", don kalmar da kanta tana tilasta maka tambaya: wa ya tantance? In wani yana da wadda ta fi, ya kawo a ƙasa mu tattauna, ban ce tawa ce ƙarshe ba.

Akwai abu ɗaya da na lura da shi da na jera sunayen nan. Na Turawa, kusan duka suna bayanin kayan ne: kuɗinsa, ma'ajinsa, ranarsa, girmansa. Ko bulletin daga hatimin da ake manna wa takardar hukuma ya samo asali. Mu kuwa da aka ba mu dama, kirari muka yi. Bayan an kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sai hukumar NORLA ta zo a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, ta riƙa fitar wa larduna 'yan jaridunsu, don wanda ya koyi karatu a ajin manya ya sami abin karantawa kar ya manta. Kano Sodangi. Katsina Himma. Sakkwato Zaruma. Zariya Bazazzaga. Bauci Zumunta. Borno Albishir. Filato Gamzaki. Ta lardin Adamawa kuma Arɗo, sunan jagoran Fulani mai shige wa rugga gaba. Ba ɗaya a ciki da ta gaya maka nawa ce ko yaushe za ta fito, kowacce tana gaya maka ta su wa ce. Aka rushe NORLA a 1959, yawancinsu suka bi ta. Al'adar sunan dai ba ta mutu ba: Alfijir da Albishir na kamfanin Triumph a Kano zamanin Abubakar Rimi, Amana, har zuwa Aminiya ta yau.

Waɗannan 'yan jaridun lardi su ne irin abin da ɗan masta a tarihi ko Hausa ko aikin jarida ya kamata ya yi wa rububi, fiye da kwafo ma'anar "communication" daga littafin Ba'amurke. A irinsu ake samun naɗin hakimi, farashin gyaɗa da auduga, buɗe asibitin sha-ka-tafi, da wasiƙar wanda ya fara riƙe alƙalami yana da shekara arba'in. An buga su a takarda mai arha, kuma kun san abin da zafin Yola da gara da mai tsire ke yi wa tsohuwar jarida. Mai zuwa Kaduna ya leƙa Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, mai zuwa Zariya ya shiga Laburaren Kashim Ibrahim ya nemi ɓangaren tsofaffin jaridu.

Ni kuma ga roƙona, musamman ga 'yan Dubeli, Luggere, Yelwa, Rumde da cikin Yola. Duk wanda kakansa ya yi malanta ko aikin En'e a shekarun 1950, don Allah ya duba tsohuwar adakar nan ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gado kafin a yi sharar salla. In ka ga falle mai ɗauke da sunan Arɗo a sama, ko rabi ne, ko gara ta ci gefe, kar ka naɗe shi, kar ka manna masa salatif. Shimfiɗa shi a inuwa, ka ɗauki hoton gaba da baya yadda kwanan wata zai fito, ka turo min ta inbos. Zan zo har gida da kaina, kuɗin Keke a wuyana.